Ɗan Falke Mai Baki Uku: Riba Ce, In Ba A Ci Uwa Ba

Kowace shekara, da an ɗaure dawa, an sussuke masara, an kai auduga ma'auni, sai ka ga ƙafar mutanen ƙasarmu ta kama ƙaiƙayi. Daga Gozaki da Kafur, daga Malumfashi da Bakori da Funtuwa, wasu su nufi Ikko da Badun, wasu kuwa su tsallake iyaka su yi Maraɗi ko Yamai, ko Kwatano, ko Kumasi, masu hali su hau jirgin sama su yi Jidda. Wanda zai yi mako biyu ya komo ba shi da damuwa, ya rataya jakarsa ya yi sallama. Amma wanda ya sami wurin zama can, ya kama shago ko ya sami aiki, har ya ke so iyalinsa su bi shi, to, nan ne gardama kan tashi a gida. Gardamar kuwa a kan ɗan yaron nan ce da ke bayan uwarsa, ko wanda aka yaye bara, wanda yanzu bakinsa ya ke buɗewa.

Tsofaffi su ce a bar musu shi. Su ce in aka kai shi inda zai ji Hausa a ɗaka, ya ji Faransanci a titi, ya ji Larabci a makarantar allo, harshensa zai harɗe, ya yi nauyin baki, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ga kuma wasu 'yan zamani a gefe guda suna cewa a tafi da shi, a ma daina yi masa Hausa ɗungum, a riƙa yi masa Turanci tun yana goye, wai don ya riga 'ya'yan mutane wayewa.

Mu dai ba mu tare da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu. Za mu faɗi tamu da harshen kasuwa, don kowa ya gane. Harshen da uwa ta ke yi wa ɗanta shi ne uwar kuɗi. Duk wani harshen da yaro ya tsinta a hanya riba ce. Ɗan kasuwa na gari ba ya ƙin riba, ba ya kuwa cin uwa. A tafi da yaro in hanya lafiyayya ce, a bar kunnensa ya ɗebi abin da zai iya ɗiba, amma kada a yarda Hausa ta fita daga ɗakin da ya ke kwana.

BA YAU MUKA FARA BA

Masu tsoron nan sun manta da ko mu su wane ne. Tun kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, kakanninmu fatake suna ɗaure wa jakuna kanwa da turkuɗi da fatu, su bi madugu wata da watanni, su haye Kwara, su ratsa Bargu da ƙasar Dagomba, har su sauka Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro. Ayarin nan ba maza kaɗai ne ba. Akwai mata a ciki masu dafa abinci suna sayarwa a zango, inda mata su ke kuwa ba a rasa goyo. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga cikin 1892, sai mutanenmu suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Ankara ta bakin teku, wadda ita ce babban birnin Gana a yau. Kowane gari suka sauka sai su kafa zango. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano cikin 1858, ya rasu a Kete-Krachi cikin 1934, can ya yi almajirai, can ya yi rubuce-rubucensa da Larabci da Hausa. Yaron zangon Kumasi kan tashi da Hausa a gida, da Tonanci, watau harshen Ashantawa, a kasuwa, da Larabci a allo, da Turanci in an sa shi boko. Haka yaron Sabo ta Badun, unguwar da aka kafa wa Hausawa cikin 1916, ya ke juya Yarbanci kamar a nan aka yanke cibiyar kakansa. Wa ya taɓa jin an ce mutanen zango bebaye ne? Ai su ne dillalai, su ne fatoma, su ne tafintoci. Bakin nan uku ko huɗu da shi su ke ci.

Mu juya gabas kuma. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka kan tashi da matarsa da 'ya'yansa a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya sami guzuri ya ƙara gaba, shekara biyar, shekara goma, wani ma bai isa ba sai ɗansa. Yara nawa aka haifa a hanyar nan? Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka zauna bakin wani reshe na kogin Nilu kusa da Sennar, garin kuwa har yau da sunansa a ke kiransa. Da aka buɗe manyan gonakin audugar Jazira cikin 1925, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka tsince ta, kamar yadda mu ke tsintar tamu a Funtuwa da Malumfashi. Jikokinsu suka tashi da Larabci da Hausa, wasu har da Fillanci.

Kai, me ya kai mu nesa? Ga ɗan Fulanin rugar bayan gari, bai kai shekara huɗu ba, yana yi wa innarsa Fillanci, ya juyo ya yi wa mai sayen nono Hausa, bai taɓa kuskuren wa zai yi wa wanne ba. Ba mu taɓa jin an kai shi wurin mai magani don a warware masa harshe ba.

Barin yaro a gida shi ma tsohon abu ne, ba mu ce haram ba ne. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, da mahaifiyarsa ta tafi Ankara barinsa ta yi a hannun wata tsohuwa, Tata, wadda ya ci sunanta, ya kuma zama abin da ya zama. Abin da mu ke ƙi shi ne a raba yaro da uwarsa shekara da shekaru saboda wani tsoron da ba shi da tushe.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANI

Turawa ma sun daɗe da wannan tsoro. Malamansu na da sun sha gaya wa baƙin da suka je ƙasashensu cewa harshe biyu na daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. Sai cikin 1962 wasu masana biyu a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Elizabeth Peal da Wallace Lambert, suka gwada yara 'yan shekara 10, masu Faransanci kaɗai da masu Faransanci da Turanci. Suka tarar masu harshe biyun ba su baya, a yawancin gwaje-gwajen ma su ne gaba. Har yanzu masana na ja-in-ja a kan ko yawan harshe na ƙara kaifin basira, amma sun haɗu a kan ba ya rage ta, ba ya kuwa jawo nauyin baki.

Wani binciken da aka yi a Kanada cikin 1984 ya nuna abin mamaki. Jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya rarrabe sautukan harshen da bai taɓa ji ba, waɗanda iyayensa ma ba su iya rarrabewa. Kafin ya cika shekara ɗaya sai kunnensa ya tsuke, ya riƙe sautukan da a ke yi masa kullum, ya saki sauran. Ku duba tamu Hausar. Baƙon da ya koye ta da girma, ko ya shekara ashirin cikinmu, sai ka ji yana fama da baki da baƙi, da bari da ɓari, yaro ɗan shekara uku na yi masa dariya. Watau shekarun nan da tsofaffi ke tsoro, su ne damina. Abin da aka shuka a cikinsu shi ke kamawa ba wahala.

Saura maganar gauraye. Yaro ya ce, “Inna, ba ni l'eau,” ko ya fara magana da Hausa ya ƙarasa da Tonanci, sai a ce ga shi nan, an faɗa. Wannan ba ruɗewa ba ce. Yaro yana da kalmar abu a harshe ɗaya, bai kai ga ta ɗayan ba tukuna, sai ya ara daga aljihun dama ya cike na hagu, kamar yadda mai tebur kan aro canji wurin maƙwabcinsa. Mu manya ba haka mu ke yi ba? Sukari da alkalami na Larabawa ne, mota da tebur na Turawa, ashana da agogo daga kudu suka zo mana. In za a ƙidaya kalmomin yaro mai harshe biyu, a haɗa na nan da na can wuri ɗaya, sa'an nan a gwada da na sa'ansa.

Amma fa akwai inda ya kamata iyaye su tashi tsaye. In yaro ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba cikin kowane harshe, ko kuwa a kira shi daga baya bai waiwaya ba, kada a zauna ana cewa yawan harshe ne. A kai shi asibiti a duba kunnensa. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa suna kurmantar da yara, kuma yaro nawa aka makara da su saboda an ɗora laifin inda ba ya nan.

INDA HASARAR TA KE

Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne saurin mantuwar yaro. Yadda ya ke saurin ɗauka haka ya ke saurin yarwa. Cikin 2003 masana a Faransa suka gwada wasu mutane da aka haifa a Koriya, aka ɗauko su riƙo zuwa gidajen Faransawa suna tsakanin shekara 3 da 8, ba su sake jin harshensu ba. Da girmansu aka sa musu maganar Koriya cikin ta wasu harsuna, ba su ko iya nuna wadda ce tasu ba. Ku lura, har da wanda ya kai shekara 8, yaron da a wurinmu ya isa aike kasuwa. Ku gwada da Dorugu, Bahaushen da Bature mai yawo Barth ya tafi da shi Ingila cikin 1855. Shi ya tafi da wayonsa, ya kuma sami wanda ya ke zama da shi kullum yana tambayarsa Hausa, watau Schön, har labaransa suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Harshen da a ke motsawa shi ke zama.

Masu nazarin baƙi a ƙasashe da yawa sun ga hanya ɗaya ce abin ke bi. Kaka ya zo da harshensa cikakke. Ɗa ya tashi da biyu. Jika yana ji amma ba ya mayarwa. Daga nan sai suna. A ƙasar Makka akwai gidaje masu yawa da a ke kira Hausawi, har uku daga cikin 'yan ƙwallon da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya cikin 2018 suna ɗauke da wannan suna. Abin alfahari ne, amma suna ya fi harshe tsawon rai, alhazai kuwa sun sha gamuwa da mai sunan da sai an yi masa tafinta.

In kuna son misalin da ya fi wannan kusa, ku dubi 'yan'uwanmu Fulanin gida. Gidaje nawa ne a Katsina da Kano da Zazzau da ke ce da kansu Fulani, amma Fillancin ya tsaya ga sannu da na gode? Ba wanda ya kafa musu doka, ba wanda ya doke su. Kasuwa da fada da maƙwabta duk Hausa su ke yi, uwaye suka bi, shi ke nan. To, abin da Hausa ta yi wa Fillanci a nan, shi Larabci zai yi mata a Jidda, shi Faransanci zai yi mata a Abijan, shi Turanci zai yi mata a London, in aka yi sake. Kada yawanmu a gida ya ruɗe mu. A ɗaki ɗaya cikin baƙuwar ƙasa Hausa ba ta da mai tsaron ta sai uwa da uba. Maganar nan kuwa ta shafi mai Fillanci da mai Barbarci da mai kowane harshe cikin masu karatunmu. Kowa ya riƙe uwar kuɗinsa.

Wani abin haushi kuma, ba a auna harsunan da mudu ɗaya. Ɗan babban mutum ya komo daga Ingila yana cakuɗa Turanci da 'yar Hausar da ba ta fi cikin cokali ba, sai a ce kai, yaron nan da ƙwaƙwalwa ya ke. Ɗan mai goro ya komo daga Kumasi da harshe huɗu a bakinsa, sai a ce yana gwaranci, a haɗa shi da maƙwabtanmu Gwari a zaga gaba ɗaya. Ina gaskiya a nan? Wanne ne cikinsu zai iya sayar da buhun masara a ƙasa uku ba dillali? Wannan raini shi ya sa yanzu har talaka ya fara kwaikwayo, uwar da Turancinta bai wuce kalma talatin ba ta ɗaure wa kanta yi wa ɗanta shi, ta bar harshen da ta iya lallashi da faɗa da wasa da addu'a a cikinsa. Yaro ya tashi da kalma talatin, ya rasa dubbai. Wannan shi ne ba uwa ba riba.

Ba mu ƙi Turanci ba, da shi a ke cika takarda a ofis, da shi a ke cin jarrabawa. Amma gini a kan tushe a ke ɗora shi. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Ba su kasa 'yan'uwansu ba, har a Turancin kansa. Duk da haka, dokar koyar da yaran firamare da harshen uwa da gwamnatin tarayya ta amince da ita cikin 2022, an soke ta cikin Nuwamba 2025. A shekarar nan ta 2025 kuwa maƙwabtanmu na Nijar suka rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mahukunta suna ɗaurawa suna kwancewa yadda suka ga dama. Uban da ya zauna jiran hukuma ta tsare wa ɗansa harshe zai daɗe bai tashi ba.

RANAR DA MAI MASAUKI YA JUYA BAYA

Wani zai ce, to, in yaro ya zama ɗan can, ya iya harshensu, yana cin abincinsa lafiya, ina ruwansa da Hausa? Amsar tana cikin abin da ya auku a gaban idon iyayenmu. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, aka loda su a manyan motoci. Cikinsu akwai waɗanda a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba. Wanda ya sauka tasha da Hausa a bakinsa, ya san sunan garin kakansa, ya iya gaisuwa, ya sami mai cewa shigo. Mu ma ba mu wanke kanmu ba, gama cikin Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, mutanen Gana kaɗai kusan miliyan ɗaya suka fita. A Sudan, inda mutanenmu suka haura shekara ɗari, an zubar da jini a jihar Blue Nile cikin Yuli 2022 a kan ko Bahaushe na da ikon sarauta da ƙasa a wurin. Cikin Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, sai da aka kwaso 'yan Nijeriya ta Masar da ta Port Sudan.

Ba fata mu ke yi wa kowa ba. Zaman baƙunci dai zaman aro ne, ko ya yi daɗi. Ana ƙwace shago, ana soke takarda, ana rufe iyaka, kamar yadda aka rufe tsakaninmu da Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Abin da ke bakin yaro kuwa ba ɗan sandan da zai ƙwace shi a shinge. Harshen masauki shi zai ba shi abinci a can, harshen gida shi zai buɗe masa ƙofa a nan. Uban da ya ba ɗansa duka biyun ya bar masa gadon da ba a raba shi gaban alƙali.

SHAWARA GA MAI SHIRIN TASHI

Da fari, a san irin tafiyar. Fatauci daban, jefa rai daban. Cikin Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Duk wanda ya zo muku da daɗin baki cewa a ba shi mace da goyonta ya ƙetare da su hamada, ko ya kai su wata ƙasa bara, ku kore shi. Irin wannan tafiya ba mu ce a yi ta da yaro ba, ba mu ma ce babba ya yi ta ba.

Sa'an nan takarda. A karɓar wa yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana jariri, a yi masa fasfo nasa na kansa, in kuma uwa ce kaɗai za ta tafi da shi ta riƙe takardar yardar uba. In an haifi wani a can, a kai sunansa ofishin jakadancinmu. Yaron da ba shi da takardar can, ba shi da ta nan, shi ne marayan da iyayensa ke raye, kuma 'ya'yan takari da yawa sun ɗanɗana wannan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar cikin Janairu 2025, saboda haka a tambayi jami'an shige da fice halin da a ke ciki kafin a biya kuɗin mota. A tabbata yaro ya sami allurar ƙyanda da ta shawara, waɗanda a kan yi a wata tara, a riƙe katin, don ana tambayarsa a iyaka. A sa gidan sauro cikin kaya, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda zawo, gama shi ne ɓarawon yara a hanya.

In an isa, sai tsarin gida. Da an tsallake dokin ƙofa, Hausa. Kada a ji tsoron yaro zai kasa harshen garin, titi da makaranta da abokan wasa za su ba shi har ya fi ku. Wanda ke bukatar taimako shi ne harshen da ba a jinsa a waje. In ya gauraya kada a doke shi, kada a yi masa dariya gaban baƙi, gama yaron da aka kunyata kan rufe bakinsa ga harshen ɗungum. Ya ce l'eau, uwa ta ce, “Ruwa ka ke so? Ga ruwa.” Shi ke nan. A yi masa tatsuniya da dare, ya san Gizo da Ƙoƙi. A yi kacici-kacici. A koya masa wace ce gwaggo, wace ce inna, wane ne kawu, wane ne baffa, da yadda a ke durƙusawa a gaida babba, a tambayi kwana da gajiya da iyali, don Hausar da ba ladabi a cikinta rabin Hausa ce.

Wayar hannu ta kawo sauƙin da fataken da ba su samu ba. A kira kaka a Gozaki ta yi wa jikanta wasa, ta ce da shi mai gidana, ya ba ta amsa. Amma kada a miƙa wa yaro waya a ce fim zai koya masa. An gwada wannan a Amurka cikin 2003 da jarirai 'yan wata tara. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana yi musu Sinanci sun kama sautukansa, waɗanda aka sa wa mutumin nan a allon talabijin ba su kama kome ba. Yaro daga mai amsa masa ya ke koyo. In da hali kuma a riƙa kawo shi gida, ko da Babbar Salla, ko da kaka, ya yi wata guda cikin 'ya'yan baffanninsa yana bin su gona. Wata ɗaya a tsakar gida ya fi shekara ana yi masa faɗa.

Kalma ta ƙarshe ga magidanta. Kada ku kai mace baƙuwar ƙasa ku rufe ta a ɗaki ba ta san ko sannu da harshen garin ba. Ranar da yaro ya kwanta ciwo kuna kasuwa, da wane baki za ta yi wa likita bayani? Mun san gidajen da ɗan shekara shida ne tafintan uwarsa a asibiti, yana jin abin da bai kamaci kunnensa ba. Gaba kaɗan kuma yaran su riƙa hira a gabanta da harshen da ba ta ji, ta zama baƙuwa cikin 'ya'yan cikinta. A bar ta ta koya, a sama mata mai koya mata cikin matan unguwa. Uwar da ke jin harshen waje ita ce ta fi ƙarfin tsare na gida, don ta san abin da ke shigowa.

Jama'a, mu jikokin masu tafiya ne, ba kuwa za mu daina ba muddin akwai kasuwa gaba da tamu. Tsofaffinmu su kwantar da hankalinsu, yawan harshe bai taɓa ɓata ɗa ba. 'Yan zamaninmu kuma su sassauta, kada su sayar da gona don su sayi taki. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi a rumfa, musamman mata, don aikin a hannunsu ya ke. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.